Maganin hawan jinin Inna da kindirmo

Ɗiyar Garwa:
Salamu alaikum. Likita ya ɗora Innata kan amlodipine, miligiram 5 kowace safiya. Maƙwabciyarmu ta ce wai maganin yana tare kalsiyam, wato sinadarin nan na cikin nono mai ƙarfafa ƙashi, tun ranar Inna ta daina shan kindirmo, ita da ba ta wuni ba ta dama fura ba. Ƙashinta zai raunana ne? Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Ɗalibi a Ngawundare:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ba ruwansa da ƙashi. Bangon jijiyar jini yana da tsoka, kuma kalsiyam da ke wajen ƙwayoyin halittarta ya ninka na ciki kusan sau 10,000. Idan wasu ƙananan ƙofofi suka buɗe sai ya kwarara ciki, shigarsa ce ke sa tsokar ta matse. Ƙofofin nan amlodipine yake tarewa, tsoka ta saki, jijiya ta buɗe, hawan jinin ya sauka.

Malamar jinya, Marwa:
A mayar mata da furarta, 'yata. Ki dai riƙa duba idon sawunta, maganin yakan kumbura ƙafa. In kin ga haka ku koma wurin likita, kada ta yanke shi da kanta.

Ɗiyar Garwa:
Allah ya saka muku da alheri. Gobe da sassafe zan sayo mata nono.