Na'urorin Taimaka wa Mai Ciwon Mantuwa: Shawarar Masu Jinya

Da aka zauna hira da masu kula da iyayen da mantuwa ta kama, abin da suka fi nanatawa shi ne a fara da wuri. Tsoho yana iya sabawa da na'ura tun ciwon bai yi nisa ba, amma in ya yi ƙarfi, sabon abu ruɗa shi kawai yake yi.

Maganar magani ta fi ɗaukar lokaci. Akwatin ƙwayoyi mai gida 7, kowace rana da nata, yana nuna ko an sha ko ba a sha ba. Sai a haɗa da ƙararrawar waya. Wata ta ce ƙararrawa ba ta yi mata amfani ba, sai da ta naɗi muryar jika tana cewa, "Kaka, lokacin magani ya yi." Wannan dabara ta fi burge ni, don tsoho ba ya gardama da jika.

A manna hotuna a ƙofar banɗaki da ɗakin kwana. Lambobin waya ma a sa musu hoton mai su.

Kan masu fita su ɓace, ra'ayi ya rabu. Google Maps, manhajar taswira ta waya, yana nuna inda mutum yake, amma sai da data da caji. AirTag kuwa, wata 'yar ƙaramar na'urar bibiya da ake maƙala wa kaya, yana dogara da wayoyin iPhone da ke kusa, don haka a ƙauye ba lallai ya yi aiki ba. Da yawa sun ce a ɗinka suna da lambar waya a cikin riga, kuma a nemi yardar tsohon kafin a soma bibiyarsa.