Kuɗin ba zai ɗauki duka ba: hiliyam zan auna ko oksijin da kabon?

'Yar Guduma: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina digiri na biyu, aikina a kan wasu idanun ruwan zafi ne masu fitar da kumfar gas. Binciken da aka yi a baya ya nuna yawancin gas ɗin CO2 ne. Abin da zan gano shi ne daga ina yake tasowa: daga mantil ne, can ƙarƙashin ɓawon ƙasa, ko daga dutsen farar ƙasa da ke shimfiɗe a yankin. Tallafin da na samu kaɗan ne. Ko dai in yi aisotof (wato nau'o'in sinadari ɗaya masu bambancin nauyi) na oksijin, haidurojin da kabon a dukkan idanun ruwan, ko in zaɓi uku ko huɗu a auna mini hiliyam-3 da hiliyam-4. Mai duba aikina ya ce in yanke da kaina, kuma dole in koma fili kafin ruwan sama ya sauka. Ban taɓa ɗaukar samfurin gas da hannuna ba. Waɗanda suka taɓa yi, don Allah me kuka gani?

Mai Taswira: Wa alaikumus salam. Yi oksijin da haidurojin ki huta. Kwalba ƙarama, ki cika ta taf, ki rufe, shi ke nan. In sakamako ya zo ki ɗora shi a kan layin ruwan sama da Harmon Craig ya fitar a 1961, wato δD = 8δ18O + 10 (δD ma'aunin haidurojin mai nauyi ne, δ18O kuma na oksijin mai nauyi). Ni haka na yi, ba wanda ya tayar mini da hankali ranar kare aiki.

Na Lab: Malam Mai Taswira, ka karanta tambayar kuwa? Asalin gas take nema, kai kana ba ta asalin ruwa. Tun 1963 Craig ɗin nan ya nuna cewa yawancin ruwan zafin da ke ɓulɓulowa ruwan sama ne da ya nutse ya ɗumama ya dawo, sai dai oksijinsa ya ɗan yi nauyi saboda musaya da dutse. Za ta kashe kuɗinta ta gano abin da aka riga aka sani.

Ƙanwata, kabon shi ya fi kusa da tambayarki, amma akwai tarko a ciki. A ma'aunin kabon mai nauyi, na mantil yana tsakanin −5 da −8 cikin dubu, na farar ƙasar teku wajen 0, na ruɓaɓɓun tsirrai wajen −25. Ki gauraya na biyu da ɗan kaɗan na uku, sai ki samu −6 ba tare da mantil ya sa hannu ba. Hiliyam ba ya wannan ruɗu. Ma'auninsa shi ne iskar da muke shaƙa, inda hiliyam-3 yake wajen 1.4 cikin miliyan na hiliyam-4, wannan rabon ana kiransa Ra. Tsohon ɓawon ƙasa yana ba da wajen 0.02 Ra saboda yuraniyam da toriyam suna ta haifar da hiliyam-4, duwatsun tsakiyar teku kuma, waɗanda suka taso daga mantil, wajen 8 Ra. Tazarar ta kai ninki ɗaruruwa.

Baban Duwatsu: Duk abin da Na Lab ya faɗa gaskiya ne a takarda. Bari in gaya miki abin da takarda ba ta faɗa.

Ni ma haka aka zuga ni. Na zuba kusan duk tallafina a hiliyam. Lab ɗin da na yi magana da su suka aiko da bututun jan ƙarfe da maƙalan matse bakinsa, babu wanda ya nuna mini yadda ake yi, sai takarda shafi ɗaya. Na je fili, na kifa mazurari a kan kumfa, na jona tiyo, na bar gas ya wanke bututun iya yadda na ga ya isa, na ɗaure maƙalan da sifana har hannuna ya yi kanta. Wasu idanun ma sai da muka yi tafiyar ƙafa mai nisa kafin mu kai. Kayan suka kwanta wajen masu jigila wata da watanni, wai ba su gane mene ne a ciki ba, ɗaya ma cewa ya yi sai an buɗe ya gani. Da suka isa, injin lab ɗin ya lalace, aka sa ni a layi.

Sakamako ya zo, kusan duka 1 Ra. Rabon hiliyam-4 da niyon-20 kuma wajen 0.3, wato dai iska tsagwaronta. Ko ban wanke bututun sosai ba ne, ko matsin bai kama ba, ko wani ya taɓa su a hanya, Allah kaɗai ya sani. Lab suka karɓi kuɗinsu cif, suka ce su abin da ke cikin bututu suka auna. Shekara ta tafi, tallafi ya ƙare, na koma na rubuta aikin da sinadaran ruwa kawai. Har yau in na ga bututun jan ƙarfe raina ɓaci yake.

Kumfa: Sannu Baba. Amma ka ba kimiyya gudummawa fa, ka tabbatar da cewa iska dai iska ce 😂

Baban Duwatsu: Yaro, ranar da naka ya dawo za mu yi dariyar tare.

Kumfa: Tuba nake. Ni iyakar sanina da hiliyam shi ne na balan-balan mai mayar da muryar ƙato ta jariri.

Mai Taswira: To kun ji. Ga tsada kuma. Lokacin da na tambaya, kuɗin hiliyam ɗaya ya yi na oksijin goma.

Na Lab: Goma? Ka samu rahusa ke nan. In za a haɗa da niyon da argon ya haura ashirin.

Shiru Ma Magana: Ni ko sisi ban biya ba. Haɗin gwiwa muka yi, na aika samfur, suka auna.

Tsohon Rijiya: Ina karanta ku ina murmushi. Na yi shekaru a rijiyoyin gas, da kabon na methane da na CO2 muke yanke hukuncin da ya shafi kuɗi masu yawa. Ba mu taɓa jiran wani hiliyam ba. 'Yata, yi kabon a dukkan idanun, samfur da yawa ya fi guda uku komai kyansu.

Na Lab: Yallaɓai, da girmamawa, ku kuna neman sanin ko gas zai sayu ne. Ita asali take nema.

Tsohon Rijiya: Kai da ke zaune cikin sanyin na'ura, ka taɓa tsayawa a bakin rijiya?

Na Lab: Ban taɓa ba. Amma ni nake buɗe abin da masu tsayawa a bakin rijiya suke aikowa, har da wanda ya turo gas a robar ruwan sha yana son hiliyam. Hiliyam yana ratsa roba, yana ratsa gilashin lab na yau da kullum ma in an ba shi lokaci. Dalilin jan ƙarfen ke nan.

Malamar Aji: Ku bar gardamar waye ya fi waye, ku dubi tafkin Nyos na Kamaru. Ranar 21 ga Agusta 1986 CO2 ya fashe daga tafkin ya kashe mutum sama da 1,700, bayan na Monoun a 1984 da ya kashe 37. Kabon ɗin gas ɗin ya fito wajen −3, lambar da za a iya jan ta ta kowane ɓangare. Hiliyam ya fito kusan 6 Ra, shi ya ƙarfafa cewa gas ɗin daga narkakken dutse na mantil yake. Ga kishiyarsa a yankin Rukwa na Tanzaniya, inda masu bincike daga Oksfod da Durham suka ba da labarin tarin hiliyam a 2016: wurin tsagewar ƙasa ne, kowa zai zaci mantil, amma hiliyam ɗin na tsohon ɓawon ƙasa ne. Ni da ɗalibata ce, sai in ce kabon a ko'ina, hiliyam a idanu biyu mafi ƙarfin kumfa, kowanne bututu biyu. Da haka za ki iya lissafa rabon CO2 da hiliyam-3, na mantil wajen biliyan 2 ne. Kuma kada ki je fili sai da wanda ya taɓa matse bututu.

'Yar Guduma: Na gode Malama. To in na raba haka kuɗin zai kai kuwa? Kuma tsawon wane lokaci ake barin gas ya wanke bututun kafin a matse?

Baban Duwatsu: Shiru Ma Magana, tsaya. Wannan kyautar da ka ce, sunan wa ya fara a takardar da aka buga?

Shiru Ma Magana: Na ɗalibinsu. Ni na huɗu ne.

Baban Duwatsu: Ka ji kuɗin da ka biya. Kai ka san wurin, kai ka sha rana, kai ka ɗauko.

Mai Taswira: Ya ma yi sa'a. Wani abokin aikina a sashen godiya ya tsinci sunansa, kusa da na direba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Na Lab: Ku yi adalci. Injin nan miliyoyi ne, kuma samfur ɗaya yakan cinye wa mutum yini. Wanda ya auna ya fassara yana da haƙƙi.

Malamar Aji: Yana da shi, amma a rubuta jerin sunaye kafin samfur ya bar hannunka. Bayan ya tafi ba ka da bakin magana.

Tsohon Rijiya: A kamfani ma haka ne, rahoto ya fita da sunan wanda bai taɓa ganin rijiyar ba.

Kumfa: Yau dai Yallaɓai da Baba sun haɗu a layi ɗaya.

Shiru Ma Magana: Ni abin da ya fi ci mini rai ba sunan ba ne. Na nemi ɗanyen sakamakon samfuran da na ɗauko da hannuna, aka ce in jira sai takarda ta biyu ta fito. Akwai wanda ya taɓa karɓo nasa kafin a buga?