Tairodi da ciwon damuwa: wane suna za mu tsayar?

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata ƙaramar gaɓa mai ɓari biyu da siririn nama ya haɗa a kan maƙogwaro, wadda nauyinta a jikin baligi bai cika wuce giram 25 ba. Hausa ta daɗe da raɗa wa hanta da ƙoda da saifa suna, amma wannan gaɓa, wadda ake kira thyroid da Turanci, ba ta samu nata ba. Kumburinta kaɗai aka sa wa suna, wato maƙoƙo, domin shi ne abin da ido yake gani. Ina so mu tsayar da magana a kan sunanta da sunayen cututtukanta biyu, kuma abin da ya sa nake ganin lamarin ya wuce gyaran ƙamus shi ne alaƙar da ke tsakanin wannan gaɓa da ciwon damuwa.

Aikinta shi ne ta ɗebi aidin, sinadarin nan da ake sa wa gishiri, daga jini ta haɗa sinadarai biyu da likitoci suke kira T4 da T3, waɗanda suke daidaita saurin da jiki yake ƙona kuzari, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har zuwa motsin hanji da aikin ƙwaƙwalwa. Wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce take ba ta umarni ta hanyar wani sinadari mai suna TSH, kuma duk lokacin da T4 ya yi ƙasa a jini sai ta ƙara yawan TSH don ta zaburar da ita. Shi ya sa sakamakon gwaji yake rikita mutane: hauhawar TSH alama ce ta cewa gaɓar ta yi rauni, faɗuwarsa kuma alama ce ta cewa ta wuce kima.

Idan aikinta ya ragu, sai mutum ya riƙa jin kasala marar dalili, barci ya yi yawa amma gajiya ba ta tafiya, tunani ya yi nauyi, mantuwa ta ƙaru, magana ta ja baya, sha'awar abubuwan da ya saba jin daɗinsu ta dusashe. Duk wanda ya san alamomin ciwon damuwa zai ga cewa jerin nan kusan shi ne nasa. Abin da yakan bambanta su shi ne alamomin jiki da ke tafe a gefe, kamar rashin jure sanyi da bushewar fata da zubewar gashi da taurin bayan gida da ƙarin ƙiba da dusashewar murya da rikicewar al'ada ga mata, amma waɗannan suna shigowa ne sannu a hankali cikin watanni ko shekaru, har mai su da iyalinsa su ɗauka halinsa ne ya sauya.

Likitoci sun lura da wannan tun ƙarni na 19. A 1873 William Gull ya bayyana wasu mata a Ingila da jikinsu da hankalinsu suka yi nauyi bayan sun girma lafiya lau. A 1883 Theodor Kocher, likitan tiyata a birnin Bern na Suwizalan, ya ba da rahoton cewa marasa lafiyar da ya cire wa gaɓar gaba ɗaya saboda maƙoƙo sun koma masu sanyin jiki da jinkirin tunani, kuma wannan ya taimaka wajen gano cewa rashin gaɓar ne sanadi. A 1891 George Murray ya yi wa wata mata allurar ruwan da aka tace daga gaɓar tunkiya, ta farfaɗo, ta rayu shekaru masu yawa bayan haka. A 1949 kuma Richard Asher ya wallafa bayanin marasa lafiya 14 da hankalinsu ya taɓu sosai alhali gazawar wannan gaɓa ce tushen ciwon, yana jan kunnen 'yan uwansa likitoci da su riƙa tunawa da ita.

To, a nan ne kalmar maƙoƙo take gazawa, ko da yake ita ce ta fi saurin zuwa baki. Maƙoƙo kumburi ne, kuma kumburi da lalacewar aiki ba dole ne su zo tare ba. Mutane da yawa suna da maƙoƙo amma sinadaransu daidai suke, wasu da yawa kuma aikin gaɓarsu ya durƙushe alhali wuyansu sumul yake. A ƙasashen da aidin ya wadata, babban abin da ke kawo raguwar aikin shi ne cutar da likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki take afka wa gaɓar da kanta, kuma a wasu masu ita gaɓar ƙanƙancewa take yi maimakon kumbura. Idan muka rubuta cewa ciwon maƙoƙo yana iya jawo damuwa, macen da ta shafe watanni cikin ƙunci da kasala za ta shafa wuyanta ta ji babu komai, ta yanke hukuncin cewa maganar ba da ita ake ba, ita kuwa ce ta fi kowa bukatar gwajin. A bar maƙoƙo a inda yake, sunan kumburi, domin a can ya cika aikinsa.

Wasu sun kawo shawarar a bi asalin kalmar. Wani likitan Ingila, Thomas Wharton, shi ne ya raɗa mata suna a 1656 daga kalmar Girkanci mai nufin garkuwa, Larabci da Jamusanci kuma duk sun fassara wannan ma'ana suka riƙe, saboda haka me zai hana mu ce garkuwar wuya? Shawara ce mai daɗin ji, amma ta makara. Masu fassarar kiwon lafiya sun riga sun ba wa garkuwar jiki wannan kalma, jama'a kuma sun karɓa, kuma a cutar Hashimoto dole mu ambaci su biyun a jimla ɗaya, sai a wayi gari muna cewa garkuwar jiki ta lalata garkuwar wuya, mai karatu ya rasa wace ce wace. Ga shi kuma gaɓar ba ta kare komai. Guringuntsin da ke samanta ne mai kama da garkuwa, a wurinsa ta aro sunan. Kaluluwa ma ba ta dace ba, tunda ita wani kumburi ne dabam da ke fitowa a hammata ko matsematsi ko wuya idan jiki yana yaƙi da cuta.

Ni dai ra'ayina a ari kalmar da marar lafiya zai ji a bakin likita kuma ya gani a takardar gwaji, amma a yi mata kwaskwarimar da Hausa ta saba yi wa baƙin kalmomi. Kalmomin aro da suka zo da baƙi a ƙarshe sukan sami wasali, kamar yadda muka sami yadi da kati da gadi, saboda haka tairodi ya fi zama a harshe. Amfaninsa na biyu shi ne yana karɓar ɗafi ba tare da wahala ba: tairodinsa, tairodin mai jego, gwajin tairodi. Namiji ne ke nan, kamar huhu.

Cututtukan biyu kuwa, wato raguwar aikin da wuce kimarsa, an fi son a ce sanyi da zafi, tunda mai na farko ba ya jure sanyi, mai na biyu kuma gumi yake yi kullum. Sai dai ciwon sanyi ya riga ya sami wata ma'ana a bakin jama'a wadda ta shafi al'aura, kuma duk wanda aka ce yana da sanyin tairodi zai tafi neman maganin da ba nasa ba. Na fi son gazawar tairodi, bisa tsarin gazawar ƙoda da gazawar zuciya, kishiyarta kuma zaƙewar tairodi, domin wanda ya zaƙe shi ne wanda ya wuce iyaka a aikin da nasa ne. Zaƙewar, wadda mafi yawanta daga cutar da Robert Graves na Dublin ya bayyana a 1835 take, tana zuwa da faɗuwar gaba da rawar hannu da rama duk da yawan ci da rashin barci da saurin fushi, wato ta fi kusa da fargaba. Amma a tsofaffi takan juya fuska ta zo da shiru da janye jiki daga mutane, siffar da likitan Amurka Frank Lahey ya bayyana a 1931, kuma ita ma ana yawan ɗaukarta a matsayin ciwon damuwa.

Shi kansa ciwon damuwa ba na ganin a taɓa shi, duk da cewa damuwa a asali ta fi nuni ga rai da ya kasa kwanciya, alhali wannan ciwo sau da yawa dusashewa ne. Sunan ya riga ya bazu, kuma ƙara kalmar ciwo ta raba shi da damuwar yau da kullum. Mutuwar zuciya da wani zai iya kawowa zagi ce, ba ta da wuri a takardar asibiti. Abin da ya kamata mu kiyaye shi ne kada a haɗe sunayen biyu a ƙirƙiri wani abu kamar damuwar tairodi, domin zai sa a ɗauka cewa ɗaya yana nufin ɗaya. Mafi yawan masu ciwon damuwa tairodinsu lafiya yake, kuma wani babban nazari da ya tattara binciken da aka yi a baya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa alaƙar tana nan amma matsakaiciya ce, ta fi ƙarfi a mata da kuma inda gazawar ta bayyana sosai. Idan gwaji ya tabbatar da gazawa, ana ba da ƙwayar Levothyroxine kullum, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8 don daidaita adadi. Idan sinadaran sun daidaita amma ƙuncin bai yaye ba, to ciwon damuwa ne mai zaman kansa, kuma yana bukatar nasa magani. Inda gwajin ya fi muhimmanci shi ne mai jego a shekarar farko bayan haihuwa, lokacin da tairodi yakan kumbura ya zaƙe na ɗan lokaci sannan ya gaza, da mai shan litiyam, maganin wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda shi kansa yana iya rage aikin tairodi, da wanda ya daɗe yana shan maganin damuwa babu sauƙi.

Saura yanayi guda da ke bukatar suna, wato inda TSH ya ɗan hau amma T4 yana nan daidai. An ce a kira shi ɓoyayyar gazawa, amma wannan suna yana tsorata mutum fiye da yadda lamarin ya kai, tunda a mutane da dama gwajin yakan koma daidai da kansa idan aka maimaita bayan 'yan watanni, kuma ba kowa ake ɗora wa magani ba. Gazawar tairodi mai sauƙi ta fi dacewa da abin da likita yake nufi.