Coci biyar a layi ɗaya, kowa da buhun shinkafarsa: ta yaya za mu haɗa kai?

Ɗan Kakuri:
Salama 'yan'uwa. Ina da tambaya dan Allah. A unguwarmu nan kudancin garin Kaduna coci biyar ne a layi ɗaya, ko wanne da zumuntar mata da ta matasa, duk Disamba kowa ya raba shinkafa da atamfa ma gwauraye da marayu, a ɗau hoto a sa a Facebook, shikenan sai wata shekara. Bara da idona na ga wata mama ta karɓa a wuri uku, maƙwabciyarta kuma mai yara huɗu ko mudu ɗaya bata samu ba don ba wanda ya rubuta sunanta. Tun da masaƙu suka mutu (masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, ta rufe a 2002) iyayenmu basu farfaɗo ba, cire tallafin mai na 2023 kuma ya zo ya ƙarasa mu. Mu matasa muna so mu haɗa cocin nan biyar su yi abu ɗaya mai ɗorewa. Mu fara da yin rijistar ƙungiya ne ko yaya?

Mama Zumunta:
Ɗana ka bar maganar rijista tukuna. Rijista kuɗi ne da yawo, kuma da an ce ƙungiya sai a fara rigimar wa zai zama shugaba. Mu a Jos da littafi ɗaya muka fara. Mata biyu daga kowace ekklisiya, muka bi gida gida muna rubutawa: wa ke ciki, yara nawa, nawa ke makaranta, me uwar ta iya yi da hannunta. A nan muka gane yawancinsu jari suke nema, wata injin markaɗe, wata kaskon ƙosai da buhun wake, wata kuma kuɗin makarantar yaro ɗaya ne ya hana ta barci. Sai muka mai da abin kaman adashi, a ba mace jari ta dinga biya kaɗan kaɗan duk ranar Laraba bayan addu'a, in ya dawo a ba ta gaba. Wasu sun cinye, ba zan ɓoye maka ba, amma waɗanda suka riƙe sun fi yawa.

Malamin Lissafi:
Abin da kake so ɗin an taɓa yinsa a Amurka. A unguwar Brownsville ta Brooklyn cikin birnin New York, wajen 1980 unguwar ta zama kufai, gidaje sun ƙone, filaye sai bola. Coci coci na Katolika da Baptis da Lutaran da sauransu suka haɗu a ƙarƙashin East Brooklyn Congregations, manyan ɗarikoki suka zuba kuɗi a asusu ɗaya bashi ba ruwa, gwamnatin birni ta bada filayen, aka gina gidaje ana sayar wa masu ƙaramin ƙarfi, kuɗin ya dawo asusu a sake gina wasu. Gidaje dubbai suka fito ta haka. Sunan Nehemiya suka sa wa shirin, kuma in ka duba sura ta 3 ta littafinsa a Littafi Mai Tsarki zaka ga dalili, mutane da dama sun gyara ganuwar Urushalima daidai ƙofar gidajensu, sura ta 6 kuma ta ce an gama cikin kwana 52.
Abin da ya fi burge ni shine hukuma bata iya share su ba saboda sun zo da yawa. Fasto ɗaya in ya je ofishin ƙaramar hukuma kan maganar kwalbati sai a ce ya dawo gobe, amma in su biyar ne da jama'arsu a baya, za a basu kujera.

Baban Yara:
Malam ka kawo misali mai kyau amma nan ba New York bace. Ni na ga irin wannan haɗin ya watse kan abu biyu. Na farko kuɗi, aka sa akawun a hannun mutum ɗaya, wata shida ba wanda ya ga takardar banki, da aka tambaya sai ya ce ana zarginsa, miting ya tashi baram baram. Na biyu tsoron satar tumaki, kowane fasto na ganin in membansa ya karɓi taimako a cocin maƙwabta gobe can zai kai zakkarsa. In za ku yi, sa hannu uku daga coci uku daban kafin a cire ko naira ɗaya, a karanta lissafi a gaban jama'a duk wata, kuma kar a raba komai a harabar wani coci, ku nemi firamare ko ƙofar gidan mai unguwa.

Maƙwabcinku:
Ni musulmi ne, ku yi haƙuri na tsoma baki. Tun rikicin 2000 garin nan ya rabu, ku kudu mu arewa, amma har yanzu akwai mu a cikinku, kuma kwatar da ke cika da damina bata tambayar addinin kowa. In za ku rubuta sunaye ku rubuta na unguwa gaba ɗaya, ku faɗa wa liman tun farko don kar a ce dabara ce ta jan mutane. Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa a garin nan suka fara aikinsu na sasanta Musulmi da Kirista tare tun 1995, ba sabon abu bane.

Ɗan Kakuri:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Toh mun ajiye rijista. Ranar Asabar zamu zauna a firamare, na riga na sayi littafin, mai bango mai tauri. Mama dan Allah ki turo min yadda kuka ja layukan naku, kuma in mace ta kasa biya sati biyu a jere me kuke yi?