Kwalliyar namiji ce ta raba Y da X? Muhawara a kan kifin gupi na Tirinidad

Ɗalibin ilimin gado:
Assalamu alaikum. Na kawo wata da'awa da na gamsu da ita domin a auna ta. Kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin jiki, kuma X da Y su ne na jinsi: mace tana da XX, namiji XY. A jikin ɗan Adam kuromosom X yana ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 800, Y kuwa ya ƙanƙance har nasa ba su wuce 'yan gommai ba, alhali asalinsu tagwaye ne. Abin da ya raba su shi ne daina musayar ɓangarori a lokacin da jiki yake haɗa maniyyi. X da Y namu sun haura shekara miliyan 150, sawun farko ya goge, shi ya sa ake komawa ga kifi, inda na nau'o'i da yawa sababbi ne. Da'awata ita ce gupi, ɗan ƙaramin kifin tsibirin Tirinidad da mazansa suke da launuka, ya riga ya ba da amsar abin da ke tsayar da wannan musaya. Launin namiji yana jawo masa mata, amma idan mace ta gaje shi babu abin da zai jawo mata sai idon kifi mafarauci. Saboda haka duk sauyin da ya ɗaure ƙwayar launi ga ƙwayar da ke mai da kifi namiji, ya hana ta tsallakawa zuwa X, zai yaɗu. Tun 1927 Øjvind Winge na ƙasar Denmak ya nuna cewa launuka da dama daga uba suke zuwa ga 'ya'ya maza, masanin gado Ronald Fisher ya yi wa wannan bayani a 1931, sannan a 2017 Alison Wright da Judith Mank da abokan aikinsu suka ruwaito cewa yankin da ya daina musaya ya fi faɗi a kifayen saman kogi, inda maza suka fi ado.

Malama mai koyar da ilimin gado:
Wa alaikumus salam. Ka tsara bayanin da kyau, kuma shi nake koyarwa a aji, sai dai ban yarda da kalmar "riga" ba. A 2019 Roberta Bergero da Deborah Charlesworth na Jami'ar Edinbara suka haɗa iyayen gupi, suka bi gadon 'ya'yan, suka tarar cewa a jikin namiji musaya kusan duk a can bakin kuromosom take aukuwa, kuma haka abin yake a sauran kuromosom ɗin da ba su da alaƙa da jinsi. A jikin mace kuwa musayar a warwatse take. Ma'anar wannan babba ce. Idan namiji dama can ba ya musaya a tsakiyar kowane kuromosom, to duk kuromosom ɗin da ƙwayar namiji ta sauka a kansa zai zama kamar an kulle shi tun ranar farko, domin Y ba ya bi ta jikin mace. Ka ga gona da shinge da rogo a ciki. Kai ka ce rogon ne ya sa aka yi shingen, ni kuma na ce mai yiwuwa ne shingen aka tarar, shi ya sa rogon ya tsira a nan. Duk wanda ya iso bayan an gama abu ɗaya zai gani.

Mai kiwon karfasa:
Malama, ku yi mini haƙuri in sa baki, domin maganar ta taɓa sana'ata. Mu masu kiwon karfasa maza muke so, saboda sun fi saurin girma, kuma idan aka haɗa su da mata sai tafki ya cika da ƙananan da ba su da kasuwa. Ana sa wa 'ya'yan sinadarin namiji a abinci a makonnin farko su tashi maza, kuma na san cewa ruwa mai zafin kusan digiri 36 a wannan lokacin yana mai da wasu masu XX maza. Har akwai namiji mai YY da ake samarwa, yana rayuwa lafiya, 'ya'yansa kusan duk maza. Idan Y na karfasa yana iya riƙe rai ba tare da X ba, ina lalacewar da ake cewa tana jiran kowane Y?

Malama:
Alhaji, tambayarka ita ce zuciyar maganar. Ɗan Adam ba zai rayu da YY ba, domin X yana ɗauke da abubuwan da babu rayuwa sai da su. Karfasarka ta rayu ne saboda Y ɗinta bai yi asarar komai mai muhimmanci ba. A yawancin zuriyar karfasar Nilu abin da ya bambanta shi ƙarin kwafi ne na ƙwayar amh a kuromosom na 23, alhali 'yar'uwarta shuɗiyar karfasa tana bin tsarin ZW, inda mace ce mai kuromosom biyu mabambanta.

Dattijo, tsohon malamin bayoloji:
Ni kam ba zan bar yaron nan shi kaɗai ba, domin akwai hujja a gefensa daga Afirka. A Tafkin Malawi wasu kifaye dangin karfasa suna da dabbare-dabbaren ruwan lemo da baƙi, wanda yake ɓoye mace a cikin duwatsu amma yake ɓata wa namiji launin da yake neman mata da shi. A 2009 Reade Roberts da Thomas Kocher suka nuna cewa wannan siffa daga ƙwayar pax7 take, kuma tana manne da wata ƙwaya mai rinjaye da ke mai da kifi mace. Wannan rikicin maslaha ne tsakanin namiji da mace a fili. Amma ɗana, ka kuma dubi kifin fugu na Jafan, wanda a 2012 aka gano cewa bambancin X da Y ɗinsa harafi ɗaya ne tak na DNA a cikin ƙwayar amhr2, kuma musaya tana gudana a kewayensa. Kifi yana iya zama da ƙwayar jinsi ba tare da ya kulle komai ba.

Malama:
Baba, na karɓi misalin Malawi, amma ina roƙon a raba tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce yadda sabuwar ƙwayar jinsi take karɓe mulki, kuma nan Malawi ta yi magana. Kifi ya shahara da wannan sauyi: kifin medaka yana amfani da ƙwayar dmy, wadda aka gano a 2002, ɗan'uwansa na tsibirin Luzon yana amfani da gsdf, kifayen salmon kuma da sdY, wadda asalinta ƙwayar garkuwar jiki ce. Ta biyu ita ce abin da ke tsayar da musaya bayan ƙwayar ta zauna, kuma a kan wannan ne ɗalibinmu ya ce an gama. Akwai ma wani abu a cikin gupi ɗin kansa da ke damuna. Tun 1961 Caryl Haskins da abokansa suka ga cewa launi ya fi ɗauruwa ga Y a ƙasan kogi, inda mafarauta suka yi yawa, alhali binciken 2017 ya sa faɗaɗar yankin a saman kogi. Ana iya yi wa kowanne bayani da rikicin jinsi, kuma ra'ayin da ya dace da sakamako da kishiyarsa bai sha gwaji na gaskiya ba tukuna.

Ɗalibi:
Malama, na janye kalmar "riga", amma ban janye asalin ra'ayin ba. Ko da shingen tsoho ne, sai an bayyana abin da ya tara launuka masu yawa haka a kan kuromosom na 12, wato na jinsi a gupi, shi kaɗai, kuma ban ga abin da zai yi wannan ba in ba amfanin namiji da cutarwar mace ba. Sannan akwai ɗan'uwan gupi mai suna Poecilia picta, wanda kuromosom ɗinsa na jinsi shi ne dai na 12, amma Y ɗinsa ya lalace ƙwarai, kamar yadda Iulia Darolti da Mank suka nuna a 2019. Wannan yana nuna mini cewa hanyar da na bayyana tana kaiwa har ƙarshe a wannan dangi.

Malama:
Tarin launuka na ba ka shi, domin wuri mai shinge yana riƙe abin da ke amfanar namiji, kuma wannan ba ya buƙatar launin ya gina shingen. Picta kuwa takobi ne mai kaifi biyu. Ɓangaren Mank suna ganin Y na nau'o'in biyu asalinsu ɗaya ne, ɗaya ya lalace da sauri ɗaya a hankali. Charlesworth kuma a 2021 ta kawo cewa Y na gupi tsohon X ne da ya sami sabuwar ƙwayar namiji bayan tsohon Y ya lalace, wanda hakan zai bayyana dalilin kamarsa da X. Idan kana neman aikin digirinka, ka haɗa iyaye daga saman kogi ɗaya da ƙasansa, ka ƙirga musaya a jikin maza a kuromosom na 12 da kuma a wasu biyu ko uku da ba na jinsi ba. Idan na 12 kaɗai ya bambanta tsakanin sama da ƙasa, zan dawo gefenka a gaban kowa.

Ɗalibi:
Na karɓa, Malama, amma zan ƙara koguna biyu, domin kogi ɗaya yana iya bambanta saboda tarihinsa kawai.