Na samu abin da nake nema, amma zuciyata ta ƙi kwanciya

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah a ɓoye sunana. Shekarata 34. Na yi shekara shida ina fafutukar ƙarin girma a wurin aiki, bara Allah ya ba ni. Ranar da takardar ta zo ko runtsawa ban yi ba don murna. Wata biyu ba su cika ba na koma gidan jiya. Da daddare idan kowa ya kwanta sai in ɗauki waya, in ga wannan ya gina gida, wancan ya kammala digiri na uku, sai in ji kamar ni ban tsinana komai ba. Matata ta ce min, "Kai kullum kamar mai jiran baƙo." Gaskiya ta faɗa. Lafiyata ƙalau, babu bashi a kaina. To me ke damuna?

Wata malamar makaranta: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba kai kaɗai ba ne, zuciya saurin sabo gare ta. A shekarar 1978 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Philip Brickman, shi da abokan aikinsa sun bi diddigin mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar lotiri. Suka tarar ba su fi sauran mutane farin ciki da wani abin a-zo-a-gani ba, kuma ƙananan abubuwa kamar hira da aboki ko jin barkwanci sun rage yi musu daɗi. Abin da ka samu bara ya zama ƙasan da kake takawa, ido kuma ya koma kallon sama. Ko gobe aka ƙara maka wani girman, haka za a yi.

Wani dattijo: Ɗana, Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. A wani hadisin kuma ya ce mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Kai kuwa kowane dare na sama kake leƙawa, kana kwance a kan gadonka. Amma kada ka ɗauka karanta hadisin kaɗai zai wadatar. Ni na haddace shi tun ina yaro, sai da na yi ritaya, wayata ta daina ƙara, sannan na gane rabin abin da nake kira buri, son a gan ni ne.

Wani matashi: Yaya, ka bar wayar a falo ka kwanta. Shi ke nan.

Wata 'yar'uwa: Ƙanena, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Waya ta tono abin ne, ba ita ta shuka shi ba. Ɗan'uwa, ga abin da ya yi min amfani. Na ajiye ƙaramin littafi kusa da matashin kai. Duk lokacin da ƙirjina ya yi nauyi sai in rubuta abu uku: ƙarfe nawa, me na gani ko na ji, me na faɗa wa kaina. Ba gyara, ba ƙawata magana. Bayan kwana goma na karanta, kunya ta kama ni, don jimla ɗaya ce ke ta dawowa: "An bar ni a baya." Wa ya bar ni? Ina ake zuwa? Ban taɓa tambayar kaina ba sai ranar. Nauyin bai tafi lokaci ɗaya ba, amma yanzu idan ya zo ina gane shi tun daga bakin ƙofa.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙari kaɗan. Idan abin ya kai mako biyu kullum kana cikin ƙunci, abin da kake so da ya daina burge ka, barci ko cin abinci ya rikice, to ka ga likita. Ciwon damuwa cuta ce, kuma ana maganinta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganarka ta taɓa ni. Na gwada littafin dare biyar. Abin mamaki, ba gida ba ne ko digiri ke fitowa, sunan wani abokin karatuna ne, sau huɗu. Tun muna aji ɗaya ake gwada mu da juna, kuma rabona da jin muryarsa shekara takwas. Jiya na kira shi. Mun yi kusan awa guda, yawanci kan ciwon bayan da ke damunsa da 'yarsa da ta ƙi lissafi. Wayar kuma yau a falo za ta kwana.