Tartsatsin wuta a eriya lokacin hunturu: mene ne maganinsa?

Daga Birni:
Assalamu alaikum. Iskar hunturu ta fara, eriyar dipol (waya mai hannu biyu da kebul a tsakiya) ta zangon mita 20 ta soma abin da ta saba. Kan kebul na PL-259 yana tas-tas ko an cire shi daga rediyo, wanda ya taɓa kuma ya ja shi. Manyanmu masu 5U, alamar kiran masu rediyon sha'awa na Nijar, kowa ya kawo abin da ya gwada a Damagaram.

Daga Zengou:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ƙurar da busasshiyar iska ke gogawa a jikin waya ita ke tara caji. A dipol, ɓangaren da ke haɗe da tsakiyar kebul ba shi da hanyar sauka ƙasa, sai cajin ya taru har ya tsallaka zuwa bangon kan kebul. In yana cikin rediyo, sashen karɓa ne ke fara mutuwa, a wayi gari rediyo ya kurmance. Maganin da ya yi mini aiki shi ne rezistans (ɗan abin da ke rage gudun lantarki) guda 3 na kilo-om 330, wat 2 kowanne, a jera su bi da bi tsakanin tsakiyar kebul da ragar jikinsa, ragar kuma a kai ta ƙasa. Guda ɗaya na mega-om 1 ma zai sauke cajin, sai dai tartsatsi kan tsallake shi, shi ya sa ake rabawa uku. Ba ya taɓa SWR, ma'aunin dacewar eriya da rediyo, don mega-om 1 ya fi om 50 nesa ba kusa ba, kuma wat 100 a om 50 bai wuce kamar volt 70 ba.

Daga Sabon Gari:
Alhaji ya yi daidai, amma ƙasar ita ce matsalarmu. Yashin nan a bushe yake, a Birni kuma dutse kake tararwa kafin sanda ta shige. Sanda mai rufin jan ƙarfe ta mita 1.5 a kafa ta inda ake alwala ko bakin makwarara, wurin da danshi ba ya yankewa. In biyu ce, tazararsu kada ta gaza tsawon sandar. Waya mai kauri, gajeriya. Masu zuba gishiri su sani yana cin ƙarfen, gawayi da ruwa sun fi.

Daga Mirriya:
Wanda ke son gani da ido ya sa ƙaramin ƙwan neyon a kan kebul da dare, zai riƙa ƙyaftawa in iska ta taso. A cire shi kafin a danna maɓallin magana.

Daga Zengou:
Ƙari ɗaya, Malam. Rezistans yana kashe tas-tas ɗin, amma shuuu ɗin da ƙura ke yi a kunne ba ya ƙarewa duka. Waya mai rigar roba ta fi tsirara sauƙin wannan. Eriyar zobe ta fi duka, don kanta da ƙarshenta a haɗe suke, caji ba ya taruwa tsakani. Kamar mita 21.5 na waya don megahaz 14.2.

Daga Sabon Gari:
Kada wani ya dogara da rezistans in hadarin Yuni ya haɗu. Ba ya tare aradu. A zare kebul gaba ɗaya a fitar da shi waje, nesa da ɗaki, tun ana hango jar guguwa daga gabas.